Malama, Turanci ya tsare mini hanyar makarantar jinya

Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce, shekarata 26, 'ya'yana biyu, muna zaune a Funtua. Tun ina ƙarama burina in zama ma'aikaciyar jinya. Na samu kiredit a Lissafi da Bayoloji da Kimistiri da Fiziks, amma sau biyu ina rubuta Turanci ina fitowa da D7. Maigidana ya sake biya mini kuɗin GCE na ƙarshen shekara, ya kuma ce daga wannan ba zai iya ƙarawa ba. Ba mugunta ba ce, yanayi ne. Malamin da nake zuwa lesin wurinsa kullum sai ya cika mini takarda da jan biro, ya ce matsalata "subordinate clause". Na haddace ma'anarsa da rabe-rabensa kamar karatun allo, amma da na zo rubutu sai in sake tafka kuskuren. Ga abin da na rubuta makon jiya, ya zagaye kusan duka: "Although I read very hard but I did not pass. Because our teacher he was not coming to class. The girl that I gave her my textbook she did not return it. I don't know where is she now." Har ƙanwar mijina ta fara kirana "Nas" don zolaya. Malama, ƙwaƙwalwata ce ba ta ja? Ko in haƙura in kama sana'a?

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Wadda ta ci Kimistiri da Fiziks da goyo a baya ba a ce mata ƙwaƙwalwarta ba ta ja, don haka ajiye wannan maganar gefe. Na karanta wasiƙarki sau biyu, karo na biyun da fensir a hannu, ina ja wa wasu wurare layi: "malamin da nake zuwa lesin wurinsa", "da na zo rubutu", "abin da na rubuta makon jiya". Kin san ko mene ne waɗannan? Su ne abin da malaminki yake kira "subordinate clause". Kin jera su da Hausa ba ki yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Masana nahawun Hausa suna kiran irinsu ganga dogarau, wadda kuma take iya tsayawa ita kaɗai ta ba da ma'ana suna kiranta ganga tsayayya.

Ki ɗauka kin shiga gidan maƙwabciyarki kin ce mata, "Na je kasuwa." Za ta ce sannu da dawowa, magana ta ƙare. In kuwa kika ce, "Da na je kasuwa," kika yi shiru, za ta zuba miki ido ta ce, "Ina jin ki, sai me ya faru?" Kalmomin duk ɗaya ne, ɗan "da" ɗin nan kaɗai ya hana maganar tsayawa da ƙafarta. Tun da ke uwa ce, ga yadda za ki riƙe shi: ganga dogarau goyo ce, ganga tsayayya ita ce uwar. Goyo yana da kai da hannu da ƙafa, wato yana da mai aiki da aikatau kamar kowace jimla, sai dai ba ya tafiya shi kaɗai. A Turanci zanen goyon su ne irin "because, although, when, if, while, since, until, unless, who, which, that". Duk inda kika ga ɗayansu ya buɗe magana, nemi uwar.

Hausa ma ta fi Turanci tsanani a nan, ba ki dai lura ba ne. Muna cewa "sun zo", amma "mutanen da suka zo". Muna cewa "tana dafa tuwo", amma "tuwon da take dafawa". Ba wanda ya taɓa zaunar da ke ya koya miki sauya "sun" zuwa "suka", kunnenki ya ɗauka tun kina wasan ƙasa. To abin da ke faruwa da ke a ɗakin jarrabawa shi ne kina gina jimlar da Hausa, ginin ƙwarai kuwa, sannan ki shafa mata fentin Turanci. Jimlolin nan huɗu da kika aiko, in aka mayar da kowace zuwa Hausa kalma bayan kalma, babu aibi a cikinta. Shi ya sa hadda ba ta yi miki magani ba. Abin da kike buƙata shi ne ki san mararrabar da Hausa take yin dama Turanci ya yi hagu, kuma mararrabar ba su da yawa.

Mu ɗauki ta farko. "Ko da yake na yi karatu sosai, amma ban ci ba." Hausa ce tsantsa, ko a gidan rediyo haka za a faɗa. Turanci kuwa ba ya yarda "although" da "but" su zauna a jimla ɗaya suna aiki ɗaya. "Although" yana mayar da gangarsa goyo. "But" kuma aikinsa haɗa manya biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa. In kika sa duka biyun, kin ce wa yaron yana goye kuma yana tafiya a ƙasa. Sai ki zaɓi ɗaya: "Although I studied very hard, I did not pass," ko kuma "I studied very hard, but I did not pass." Kin ga na sauya "read" zuwa "studied", domin kalmarmu ta karatu ta haɗa biyun, su kuwa sun raba. Hukuncin nan ya shafi "because" da "so" ma. "Because I was ill, so I stayed at home" ciwon ɗaya ne, a cire "so".

Ta biyu goyo ne aka ajiye a tsakiyar titi, uwar ta wuce. "Because our teacher was not coming to class," sai aya. Sai me? A baki ana yin haka: wani ya ce "Why?" ki amsa da "Because..." ki tsaya, domin tambayarsa ita ce uwar. A takarda ba mai tambayarki. Ɗauko goyon ki mayar wa uwarsa: "I did not pass because our teacher was not coming to class." Sai kuma "he" ɗin da kika liƙa wa "our teacher". Daga gida ya biyo ki. Mu ba ma iya cewa "Audu tafi", dole "Audu ya tafi". Bature in ya ambaci sunan ya gama, ba ya ƙara wakili a bayansa.

Ta uku ce nake so mu zauna a kanta, don ita ce ta fi cin makin 'ya'yan Hausawa a iya abin da na gani a shekarun da na yi ina duba takardun ɗalibai. "Yarinyar da na ba ta littafina ba ta dawo da shi ba." Dubi "da" ɗin nan namu. Ƙugiya ce kawai, tana rataye magana a jikin suna, ba ta wakiltar kowa, shi ya sa muke buƙatar "ta" a cikin "na ba ta". A Turanci kuwa "who, whom, which, that" aiki biyu suke yi, su ne ƙugiyar kuma su ne wakilin sunan. Da kika rubuta "that", ta riga ta zauna a kujerar "her". Ƙara "her" kamar biya wa fasinja ɗaya kuɗin mota sau biyu ne. Sannan kika sake biya na uku da "she". Ga hanyar kama wannan na ukun: ɗora yatsa ki rufe goyon gaba ɗaya, ki karanta abin da ya rage. "The girl ... she did not return it." Nan take za ki ji "she" ta yi yawa. Gyararriyar ita ce "The girl to whom I lent my textbook did not return it," ko mai sauƙi, "The girl I lent my textbook to did not return it." Na sa "lent" don aro kika ba ta, ba kyauta ba, in ba haka ba da ba ki neme shi ba.

Wani abin sha'awa, ba ko'ina kike yin wannan kuskuren ba, kuma zan iya faɗa miki inda za ki yi shi tun kafin ki ɗauki biro. "Littafin da na saya" ba shi da wakili a Hausa, saboda haka "the book that I bought" zai fito miki daidai. Inda Hausa take ajiye wakili nan ne tarkon yake. "Gidan da muke zaune a cikinsa" zai ja ki ki rubuta "the house that we live in it", alhali "it" ba shi da wuri. "Wuƙar da na yanka naman da ita" zai haifi "the knife that I cut the meat with it". Mafi yawan fitowa kuma shi ne na mallaka: "matar da ɗanta ya yi rashin lafiya" sai ya zama "the woman that her son was ill". Turanci yana da kalma guda da aka ware wa wannan aikin, wato "whose": "the woman whose son was ill". Ki riƙe ta da kyau, in Allah ya kai ki asibiti kullum sai kin rubuta irinta a rahoton majiyyata.

Game da "who" da "which", mu muna tambaya namiji ne ko mace ko jama'a, mu ce wanda, wadda, waɗanda. Su wannan bai dame su ba. Tambayarsu ɗaya: mutum ne ko abu? Mutum "who", abu "which", "that" kuma yakan shiga wa kowanne.

Ta huɗu ba ta da wuya. Muna cewa "Ina take?" amma "Ban san inda take ba." Mun sauya "ina" zuwa "inda" muka bar sauran. Turanci yana barin "where" yadda yake, ya juya na bayansa: "Where is she?" amma "I don't know where she is now." Da zarar tambaya ta hau bayan wata jimla ta daina zama tambaya, mai aiki ya dawo gaban aikatau, alamar tambaya ma ta faɗi. "He asked me what is my name" ya zama "He asked me what my name was."

Akwai biyu da ba su fito a cikin abin da kika aiko ba, amma na san suna cikin littafinki. Kalmarmu "idan" tana ɗauke da "if" da "when" duka. Abin da ba makawa sai ya faru, kamar wayewar gari ko faɗuwar rana, "when" ne. Abin da ake shakka "if" ne. Kuma a cikin irin wannan goyon na lokaci ko na sharaɗi ba a sa "will", ko da maganar gobe ake yi. "In ya dawo zan gaya masa" shi ne "When he comes back, I will tell him." Ba "when he will come back" ba, ba kuma "when he came back" ba, duk da "ya dawo" ɗin namu yana kama da abin da ya wuce. Sai kalmar "sai", wadda ban san irin aikin da ba ta yi a Hausa ba. "Ba zan tafi ba sai ya zo" jiran lokaci ne, "until". "Ba za ka warke ba sai ka sha magani" sharaɗi ne, "unless".

Yanzu waƙafi. In goyo ya zo a gaba, sa waƙafi bayansa. In uwa ta riga shi, galibi ba a sawa. Inda waƙafi yake sauya ma'ana shi ne a gangar "who" da "which", kuma misalin da na fi so in bayar a aji yakan sa 'yan mata dariya. Mutum ya rubuta, "My wife who lives in Zaria is a nurse." Babu waƙafi. Ya faɗa mana, ko bai yi niyya ba, cewa yana da wata matar a wani garin, yana bambance mana ne wacce a cikinsu. In ya rubuta, "My wife, who lives in Zaria, is a nurse," matarsa ɗaya, zamanta a Zariya ƙarin bayani ne kawai. A wurinmu dukansu suna iya zama gaskiya, sai dai a tambayi mai gidan. Amma ranar da wata ɗaliba ta rubuta mini "My father who lives in Katsina", sai da na kira ta na tambaye ta iyayenta maza nawa ne. In an cire gangar kuma har yanzu an san wa ake nufi, a kewaye ta da waƙafi biyu, kuma a irin wannan wurin ba a sa "that".

Me ya sa nake ta nanata waɗannan ƙananan abubuwa? Saboda lissafin maki. Insha'in WAEC maki 50 ne, ana son kalmomi kamar 450. Abin da kika faɗa yana da 10, tsarinsa 10, iya sarrafa harshe 20, sai 10 na tsabtar rubutu, inda ake yanke rabin maki a kan kowane kuskuren nahawu ko ƙa'idar rubutu. Kurakurai 20 sun cinye goman nan kaf. A jimlolinki huɗu na ƙirga shida. Ki auna shafi biyu a haka. Daga D7 zuwa C6 mataki ɗaya ne, kuma a ganina makin da zai ɗaga ki yana kwance cikin waɗannan "but" da "her" da "she" da ba a gayyace su ba.

Wasu malaman lesin sukan ce wa ɗalibai su guji dogayen jimloli gaba ɗaya, su yi ta rubuta gajeru. Rabin shawarar na yarda da ita. In kika cika shafi da "I woke up. I prayed. I cooked. I went out," ba za a yanke miki na kuskure ba, amma mai dubawa zai ga rubutun 'yar firamare, ya tsuke hannu a kan maki 20 ɗin can, wanda shi ne kaso mafi tsoka. Ki yi goyo, amma ɗaya ga kowace uwa. Tagwaye jefi-jefi. 'Yan uku kuwa ki bar su sai bayan jarrabawa, don a irin jimlar nan ce mutum yake fara "when" ya bi da "who" ya ƙara "because", kafin ya kai aya ya manta bai kawo uwar ba.

Akwai kuma tambayar da kusan ba ta fashi a ɓangaren karanta labari a amsa: a ciro wani yanki a ce "What grammatical name is given to this expression?" sannan "What is its function?" Fara duba ko akwai mai aiki da aikatau mai nuna lokaci a ciki. In babu, "phrase" ne, kada ki ce "clause". In akwai, yi masa tambaya da Hausa. In yana amsa "wanne?" ko "wacce?" game da sunan da ke gabansa, "adjectival clause" ne. In yana amsa yaushe, a ina, don me, ta yaya, ko bisa wane sharaɗi, "adverbial clause" ne. In za ki iya cire shi ki sa "it" ko "something" jimlar ta zauna daram, "noun clause" ne. Kada kalmar farko ta ruɗe ki, nan masu hadda suke faɗawa rami. "I know where he lives", "the house where he lives", "I will go where he lives": yanki ɗaya ne, amma na farko aikin suna yake yi, na biyu yana siffanta "house", na uku yana bayanin "go". A amsar aikinsa kuma dole ki ambaci ainihin kalmar, ki ce "it qualifies the noun house" ko "it modifies the verb will go". In kika ce yana siffanta suna kika tsaya, ba ki gama amsa ba.

Daga yau rufe shafin ma'anoni, kin riga kin haddace. Kowane dare in yara sun yi barci, rubuta jimloli biyar da Hausa a kan abin da ya faru a gidanki ranar, kowace da "da" ko "idan" ko "saboda" ko "ko da yake" a ciki. Mayar da su Turanci, sannan ki bi su da yatsa kina farautar baƙin da Hausa ta shigo da su. Minti ashirin ya isa. Ranar da kika samu sarari, ɗauki labari ɗaya daga tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ja layi ƙarƙashin kowane goyo, ki ja kibiya zuwa uwarsa. Malamin lesin kuma ki roƙe shi, cikin ladabi, ya riƙa zagaye kuskuren kawai ya bar miki gyaran. Jan biron da ya gyara miki komai shi yake koyo, ba ke ba. A ɗakin jarrabawa ki ware minti goma na ƙarshe don wannan farautar. Kada kuma wannan ya shagaltar da ke daga taƙaitawa da tambayoyin zaɓi da na furuci, su ma suna da nasu kason.

Makarantun jinya suna neman kiredit biyar, Turanci da waɗannan huɗun da kike da su, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Kenan sakamakonki na baya bai tashi a banza ba, Turanci kaɗai kike nema ki haɗa. Ki zaunar da maigida ki nuna masa wannan lissafin. Mutumin da ya biya sau uku yana son abin ya yiwu, kuma in ya ga kin gano takamaiman inda makin yake zubewa, zai fi sauƙin ɗauke miki yaran na awa ɗaya da yamma. Sana'a kuwa ba kishiyar karatu ba ce, in kina da abin yi a gida ki ci gaba da shi, ko don kuɗin fom na gaba ya fito daga hannunki. Ƙanwar miji dai abokiyar wasa ce, in ta ce "Nas" ki ce "Na'am", ki tambaye ta ina ke mata ciwo.

Ga aikin gida. Mayar mini da waɗannan uku Turanci ki aiko mako mai zuwa: "Ko da yake maganin yana da ɗaci, amma yaron ya sha." "Majiyyacin da na auna masa jini ya tafi gida." "Ban san lokacin da likita zai zo ba." Ta ukun tana da "will" a ciki, duk da abin da na faɗa ɗazu a kan "when". Ki gaya mini dalili.